Allurar da Ta Kusa Raba Ni da Aska

Da sabuwar shadda na shiga Makka, ruwan toka, mai matsattsen hannu da maɓalli a wuyan hannu, irin ɗinkin da samari suke yayi. Rakiya matata ce ta matsa sai na ɗinka ta. Ta ce, "Tasi'u, ba za ka je Ɗakin Allah da rigar cin kasuwar ƙauye ba." Na saka kuwa, na dinga jin kaina. Da na san abin da rigar nan za ta jawo min, wallahi da singileti zan hau jirgi.

Ni wanzami ne ɗan wanzami, mutumin Kazaure. Wani kamfani mai shagunan aski a kusa da Harami ne ya ɗauko mu jim kaɗan bayan Mauludi, mu dinga aske wa masu umara, in hajji ya zo kuma a kai mu Mina. Da motarmu ta fito daga cikin ramin dutse na hango dogon benen nan mai agogo, ban san sanda na miƙe na yi kabbara ba, har kaina ya bugi rufin mota. Ni Tasi'u, yau ni ne a Makka! Direba ya waiwayo ya yi min wata magana da Larabci, ni kuwa na ce masa amin.

Aka sauke mu a sakan, wato gidan kwanan ma'aikata, gado a kan gado. A ƙasan nawa gadon akwai wani dattijo mutumin Damagaram, Baba Ilu, shi ma wanzami, ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Shi ya nuna min mai kula da mu, wanda ake kira mushirif, wani mutum mai tumbi da wayoyi biyu a hannu.

"Wannan in ya ce maka bukura, wai gobe ke nan," in ji Baba Ilu. "Amma goben tasa ba ta zuwa, ka sani tun yanzu."

Kafin a bar mutum ya taɓa kan alhaji sai ya samu shaidar lafiya, shaidar kuwa sai da allurar rigakafin sanƙarau. Washegari aka kwashe mu zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi da kamfanin yake hulɗa da shi. Layi har bakin titi, ma'aikata daga kowace ƙasa. Ni kuwa na sake zura shaddata, don a ganina zuwa asibitin Makka ma ai fita ce.

Mai allurar wani matashi ne da ya gaji liƙis, yana tsaye, mutum na zaune a kujera. Da na zauna ya nuna hannuwana biyu ya yi tambaya. Daga baya na gane cewa ya yi in ba shi hannun da ba na aiki da shi. To ni ina na sani? Kuma ko na sani, ina ni ina miƙa wa mutum hagu a garin Makka? Ba haka aka rene ni ba. Na juya masa dama cikin ladabi.

Sai hannun riga ya ƙi hawa. Na ja, na ja, ya tsaya cak a gwiwar hannu. Na baya suna ta "Yalla! Yalla!" Kunya ta kama ni. Na ɓalle maɓallan wuya na zamo da rigar, ɗan tsinin kafaɗata ya leƙo. Shi kuma daga tsayen da yake ya caka a nan. Wayyo Allah! Na ji allurar ta taɓa wani abu can ciki, zugi ya sauka har yatsuna. Ya manna filasta ya ce, "Halas," wato an gama. Na fito ina murmushin ƙarfin hali, ina cewa a raina allurar ƙasar Larabawa ƙarfi gare ta.

Kashegari Baba Ilu ya kai mu sababbin zuwa masallacin Tan'im da ke bakin gari muka ɗaura ihirami don umara. Shi ya gyara min mayafin, ya bi da shi ta ƙarƙashin hammatar dama ya yafa a hagu, kafaɗar dama a buɗe, yadda maza suke yi a ɗawafi.

Ba ni da bakin da zan faɗi abin da na ji da na ga Ka'aba. Duk addu'o'in da mutanen unguwarmu suka ɗora min suka gudu. Kuka kawai nake yi ina dariya. Muka shiga cikin jama'a, da muka zo daidai Hajarul Aswad kowa ya ɗaga dama yana kabbara, ni ma na ɗaga, sai kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba. Duk da haka da muka gama na miƙa wa Baba Ilu wayata.

"Baba, ɗauke ni ina ɗaga hannu, Ka'aba a bayana. Yau sai Kazaure ta girgiza."

Ya ɗauka daidai lokacin da zafin ya soke ni. Don ɗoki ban ko duba ba na tura wa Rakiya, na bi da saƙon murya ina ce mata na iso, na ga Ɗaki, sai dai allurar jiya tana damuna. Sai da muka gama Safa da Marwa na buɗe hoton. Innalillahi! Baki a karkace, ido ɗaya a rufe, hannu a maƙale kamar fiffiken kazar da aka take. Nan take na goge shi daga wayata, na kira ta.

Ina! Ta riga ta nuna wa gidanmu da gidansu. Dariya take har tana shiɗewa.

"Alhaji, wa ya mare ka a gaban Ka'aba?"

"Rakiya, ki goge hoton nan."

"In goge? Ai na aika a wanko shi babba, a bango zan rataye."

"Na ce ki goge! Ni da na zo da sabuwar shadda, wannan za a dinga tunawa da ni?"

"To ai ba shaddar a ciki, maigida. Ka kwantar da hankalinka."

Muka yi ta wannan rigimar kusan duk kiran da za mu yi. Ni ina fushi da gaske, ita tana ƙara ƙure ni.

Shagonmu yana kusa da inda masu umara suke fitowa daga Marwa. Kai, aski a Makka wani abu ne daban! A gida sai ka jiƙa kai, ka wasa aska, ku yi hirar amfanin gona. A nan kowane kai da sabuwar reza, kuma kafin ka ce bisimilla wani ya zauna. Na aske kan Bature, na aske na mutanen Sin, na aske wani gashi mai santsi da reza take gudu a kansa ba ka ko jin ƙara. Wani tsoho da ban san yarensa ba na gama masa ya kama hannuna ya sumbata yana hawaye. Ba a jima ba abokan aiki suka san akwai wanzami a wurin, don ba na barin tsiro kuma ba na fid da jini. Mushirif da kansa yakan tsaya a bayana ya ce, "Mumtaz, ya Tasi'u," wato aiki ya yi kyau.

Amma kafaɗa tana nan tana cina. Na zaci kwana biyu za ta saki, sai ta ƙara ɗaurewa. Ba na iya kwanciya ta dama. Sa riga ya zama yaƙi. In na zo kabbarar salla hagu ta kai kunne, dama ta tsaya a ƙirji. Shi kuwa aski da gwiwar hannu a sama ake yin sa, ba yadda za ka yi. Na gaya wa mushirif, ya ciro ƙwayar ciwon jiki daga aljihu ya ba ni.

"Ma'alesh, ba komai. Bukura zai tafi."

Wata Juma'a bayan masallaci Baba Ilu ya sa na cire riga, ya danna wurin, na yi ƙara.

"Mataccen jini ne, ɗana," ya ce. "Kai ma ka sani."

Na sani mana. Da wani ne ya zo min da wannan ciwon a Kazaure, ba zan tsaya dogon tunani ba. Baba Ilu ya buɗe ƙasan jakarsa ya fito da ƙahoni na gaske, waɗanda ya zo da su tun daga Damagaram ya ɓoye. Da na gan su sai da na ji ƙwalla, kamar na ga 'yan uwa. Ya kafa su a kafaɗar, ya tsattsaga, ya zuƙa. Jini ya fito baƙi ƙirin. Muka dubi juna muka yi shewa.

"Ka gan shi, maƙiyin Allah! Ya fito!"

Na yi kwana biyu ina jin sauƙi ina yi wa asibitocin duniya dariya. Daga nan ciwon ya dawo, ya ma fi da.

Ana gab da azumi abin ya faru. Ina tsakiyar kan wani alhaji, na ɗaga hannu zan zagayo ƙeya, kafaɗar ta riƙe, yatsuna suka saki. Reza ta shafci kunnensa ta faɗi a cinyarsa. Jini ya ɗiga a farin ihiraminsa. Ni, Tasi'u, da tun ina yaro ban taɓa yanka mutum ba! Bawan Allahn nan bai yi faɗa ba, dafa ni ma ya yi, wannan ya fi komai ƙona min rai.

A ranar mushirif ya mayar da ni asibitin da aka yi allurar. Likitansu ya ɗaga rigata, ya ga sawun tsaga jere a kafaɗa, ya tafa hannu.

"Hijama!" ya ce, wato ƙaho. Ya yi ta zuba Larabci, mushirif yana gyaɗa kai. A mota aka fassara min: allurarsu lafiya lau take, ni na lalata kafaɗata da ƙaho, ba ruwan asibiti, ba ruwan kamfani.

Aka karɓe rezata aka ba ni tsintsiya. Bayan 'yan kwanaki mushirif ya kira ni gefe ya ce ba za su riƙe wanzamin da ba ya aski ba. Kafin a tsayar da sunayen masu zuwa Mina za su yi min huruj, fita ba dawowa, su kawo wani. Ya ce in sa hannu cewa ni na nemi tafiya, a rabu lafiya.

Nan fa jinina ya hau. Na manta ba ya jin Hausa.

"In sa hannu? Da wane hannun? Wanda kuka kashe? Lafiyata ƙalau na zo ƙasar nan, kai shaida ne, kai ne mai mumtaz mumtaz! Wallahi ba takardar da zan sa wa hannu!"

Baba Ilu ya janye ni yana ba shi haƙuri. Da muka koma sakan na zauna a bakin gado. Tsoro ne ya kama ni, ba na ɓoyewa. Ba komawa gida ce ta dame ni ba. In koma da hannun da ba ya ɗaguwa, in yi me? Wanzami ba shi da gona sai hannunsa. Zabirar babana tana rataye a ɗakina a Kazaure, sai dai in dinga kallon ta.

Haka na yi azumin nan, lokacin da Makka take cika maƙil, abokaina suna aski har hannunsu na rawa, ni ina share gashin duniya da hagu. Rakiya ban gaya mata gaskiya ba. In ta tambayi kafaɗa sai in ce da sauƙi.

Wata rana da la'asar ina shara ina ƙunƙuni, na ce, "Allah ya isa tsakanina da allurar nan." Sai na ji daga kujera an ce, "Wace ibira ce, ya ammi?"

Wani saurayi ne baƙi dogo cikin farar jallabiya, ana rage masa gashi. Na ɗauka Balarabe ne. Ashe Bahaushe ne haihuwar Makka, sunansa Majid, kakanninsa ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshi. Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe, rabi Larabci, allura ita ce ibira, ni kuma ammi, wato baffa, amma ya saurare ni har ƙarshe.

"La, la, wannan mu kwayyis, ba daidai ba ne," ya ce. "Kar ka yi tauƙi'i a komai, kar ka sa hannu. Yau ka zo baitinmu shan ruwa, ummi tana son mutanen gida."

Mahaifiyarsa, Hajiya, a Nakkasa aka haife ta, a kan dutse. Da aka rushe unguwar suka koma wani gidan bene. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da aka buɗe kwano sai ga tuwon masara da miyar kuka har da man shanu. Na kai loma ɗaya, da ƙyar, ina sunkuyar da kai wajen hannu tunda hannun ba ya zuwa wajen baki, sai hawaye. Kewar gida ta taso min gaba ɗaya.

"Ci, ɗan nan, kuka ba ya gyara kafaɗa," in ji Hajiya. "Ku mutanen gida komai sai ku ce Allah ya isa ku naɗe tabarma. A nan ana kai shakwa, ƙara ke nan. In likita ya yi kuskure akwai masu zama su duba, a ba mutum ta'awid."

"Mene ne ta'awid, Hajiya?"

"Diyya mana! Kai wace irin Hausa kake ji?"

Majid ya shigar min da ƙara a wurin kwamitin da yake duba kuskuren asibitoci, ya kuma sanar da ofishin ma'aikata don kada a fitar da ni magana tana gaba. Da mushirif ya ji, ya daina amsa sallamata. Aka tura ni babban asibiti, aka zura ni cikin wata na'ura mai ƙara aka ɗauki hoton cikin kafaɗar. Likitan can ya ce gaɓar ta kumbura daga ciki ta ɗaure, kuma an san irin wannan yana faruwa in allura ta hau sama da yawa ta shiga gaɓa maimakon tsoka. Na yi tsalle na rungume Majid da hannu ɗaya.

Murnar ba ta daɗe ba. Asibitin suka amsa cewa a tsokar damtse suka yi allurarsu kamar kowa, kuma ga sawun ƙaho nan kowa yana gani. Majid ya zo da fuska a ɗaure.

"Mushkila, ya ammi. Suna so dalili, shaida, a ina ibira ta shiga. Kai kuma ka yi tsaga a kan wurin."

Gaskiyarsa. Bakin allura ɗan mitsitsi, ya ɓace tuntuni a ƙarƙashin aikin Baba Ilu. Mu da hannunmu muka binne shaidarmu. Baba Ilu da ya ji ya kasa cin abinci, ya ce zai je ya faɗa musu ranar da ya yi ƙahon. Na hana shi, don ba shi da izinin yin ƙaho a ƙasar, kansa zai jefa a ruwa.

Muna zaune a gidan Hajiya bayan ƙaramar salla, sai ta ce, "Tsaya. Da ka zo ba ka yi umara ba?"

"Na yi, Hajiya. Kashegarin allurar ma."

"To ba ka ɗau hoto ba? Ku baƙi ai ba ku iya ganin Ka'aba ba ku juya mata baya kun ɗau hoto ba. Kafaɗar dama kuma a buɗe take."

Na miƙe zumbur har na zubar da shayi. Hoton! Hoton da na goge! Nan take na kira Kazaure.

"Rakiya, hoton nan na ɗawafi, yana nan?"

Ta ce, "Wane hoto? Wanda ka yi rantsuwa sai na goge?"

"Shi. Don girman Allah, yana nan?"

"Ai mace ta gari tana bin umarnin mijinta, Alhaji."

Na dafe kai. Sai na ji ta ƙyalƙyale. "Ga shi nan a bango yana harara ta. Na waya ma yana nan, da muryarka kana raki. Me ya faru?"

A nan na gaya mata komai, tsintsiya, huruj, kunnen alhaji. Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Duk azumin nan kana shara ka ce min da sauƙi? Za mu yi wannan maganar, Tasi'u. Bari in turo."

Hoton ya shigo. Majid ya buɗe shi da yatsu biyu, ya wuce karkataccen bakina, ya tsaya a kafaɗa. Ga filasta nan fara tas, zaune a kan tsinin ƙashi, fatar kewaye sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ga ranar da na tura a jiki, ga muryata a ƙasa. Hajiya ta rangaɗa guɗa irin ta Larabawa. Ni kuwa na rasa abin yi, na kama rawa a tsakar ɗakin mutane.

Ranar zama na sa tsohuwar riga mai faɗin hannu. Ɗaki ne mai sanyi, manya a bayan teburi, wakilin asibitin a gefe da jakarsa, Majid yana yi min tafinta. Wakilin ya yi dogon bayani a kan ƙaho. Da ya gama Majid ya miƙa wayar. Likitan kwamitin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya duba, ya dube ni, ya sake duba hoton, ya kasa riƙe dariya. Na ce a raina, yi abarka, Kazaure ma ta yi.

Sannan ya buɗe hoton sosai, fuskarsa ta canja. Ya taso ya ɗora yatsunsa a jere daga tsinin kafaɗata zuwa ƙasa, ya nuna inda ya kamata allura ta shiga, ya nuna inda filastar take. Ko makaho ya shafa zai ji tazarar. Wakilin ya ce ai ni na zamo da wuyan riga. Dattijon ya ba shi amsa a taƙaice, Majid ya raɗa min: "Ya ce wanda ya riƙe ibira shi ya san inda take shiga, ba mai riga ba." Daga nan ya juyo kaina ya wanke ni tas a kan ƙaho, ya ce na ƙara wa kaina wahala. Na ce na ji, na gode. Bai tambayi wanda ya yi ba, ni ma ban tsawaita ba.

Hukuncin ya fito bayan an ɗan ja mana rai. Ina shara Majid ya shigo shagon yana ɗaga waya.

"Mabruk, ya ammi! Ta'awid! Magani kuma a kansu, har ka warke!"

Na jefar da tsintsiya na fita titi a guje ina kabbara, alhazai suna darewa suna zaton wani abu ne. Baba Ilu ya bar kan mutum rabi a aske ya biyo ni. Diyyar dai ba ta kai yadda ake yaɗawa a Kazaure ba, inda na ji an ce na sayi bene a Makka. Ni ba ita ce a gabana ba. Hannuna nake so.

Maganin kuwa, ku ji ikon Allah, wata allurar ce, a cikin gaɓar. Wannan karon tun daga bakin ƙofa na tuɓe riga da singileti, har ma'aikaciyar ta ce ya isa haka. Bayan nan aka shiga gasa kafaɗar da motsa hannu. Suka koya min in tsaya gaban bango in dinga hawa da yatsuna sama a hankali. Safe da yamma ina gaban bangon sakan ina gumi, Baba Ilu yana zaune yana min kirari irin na wanzamai, in na ce na gaji ya ce, "Ƙara kaɗan, ɗan gado, Mina tana jira." Yau hannu ya kai ƙirji, wani mako ya kai haɓa, wata rana na ji yatsana ya taɓa kunnena. Na tsaya ina ta taɓa kunnen kamar sabo aka ba ni.

Da za a rufe sunayen Mina mushirif ya ce sai ya gani da idonsa. Baba Ilu ya cire hula ya zauna ya miƙo kansa. Na karɓi reza. Na yi bisimilla na fara ta dama, na ɗaga gwiwar hannu, na zagayo ƙeya, daidai inda kafaɗar ta taɓa kayar da ni. Ta ja, amma ta tafi. Na gama, Baba Ilu ya shafa kansa, sumul. Mushirif ya daɗe yana duba wayoyinsa, sannan ya ce, "Tayyib." Mumtaz ɗin dai bai dawo ba har yau, ya riƙe abinsa.

Ranar babbar salla a Mina, jama'a suka kwararo daga jifa kamar an ɓalle ruwa. Tun hantsi nake aski har rana ta karkata, kai bayan kai, gashi har idon sawu. Kafaɗar tana yi min magana, ni ma ina ba ta amsa. Ban yanki kowa ba. Wani tsoho mutumin Sakkwato da na gama masa ya ce, "Yaro, hannunka da albarka." Na ce, "Baba, ba ka san kuɗin da maganar nan ta kai ba a wurina."

Da alhazai suka ragu muka sake zuwa Tan'im ni da Baba Ilu, muka ɗaura ihirami. Da muka zo daidai Hajarul Aswad na ɗaga dama. Ta tafi, ta wuce kunne, ta miƙe sama tare da na kowa. Na yi kabbara da ƙarfin da na gabana sai da ya waiwayo. Da muka gama na ba Baba Ilu waya, na gyara tsayuwa, na saki fuska, hannu a sama, sawun ƙaho a fili. Wannan karon sai da na duba sosai kafin in tura.

Na kira ta. "Kin gani? To a sauke wancan a rataye wannan."

Na ji tana jan hanci.

"Ka yi kyau, Alhaji," ta ce. "Hannun ya ɗagu. Zan wanko shi in sa a gefe. Amma wancan, ko kai ka dawo ba ka isa ka sauke shi ba."